Karin Kumallo A Makarantun Amurka: Yadda Ake Tsara Tiren Da Gwamnati Za Ta Biya Kuɗinsa

Ƙarfe bakwai da rabi na safe bas ɗin farko yake tsayawa a bakin makarantar da nake aiki, kafin ka ce kwabo yara sun cika layin kicin, wasu ko idonsu bai gama buɗewa ba. Akwai wani ɗan aji uku da kullum sai mun yi da shi, zai ɗauko ƙaton kek ɗin nan na safe da kwalin madara ya zo gabana ya danna lambarsa a na'ura yana shirin wucewa, ni kuma in ce masa koma ka ɗauko ayaba ko lemu. Ya ɓata rai ya ce ai shi ba ya so. In ce na sani, ɗauko dai. Wata 'yar uwa Bahaushiya da 'ya'yanta suke makarantar ta taɓa tare ni a masallaci bayan Juma'a ta ce, Maman su wai me ya sa kuke tilasta wa yara ɗaukar abin da ba za su ci ba, ba almubazzaranci ba ne wannan? Tambayarta tana kan hanya wallahi, kuma amsar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin ƙofar masallaci, shi ya sa na ce bari in zauna in warware ta a rubuce, don na san akwai 'yan uwanmu da yawa a nan Amurka da yaransu ke cin abincin nan kullum ba su san yadda aka haɗa shi ba, wasu ma suna neman irin wannan aikin.

Toh asalin maganar kuɗi ne. Shirin karin kumallo na makarantu na gwamnatin tarayya ne, ma'aikatar noma wato USDA ce ke riƙe da shi, an fara shi a 1966 a matsayin gwaji sannan aka tabbatar da shi a 1975, shirin abincin rana ya girme shi don tun 1946 aka kafa shi. Yanzu yara wajen miliyan 15 ne ke karyawa a makaranta kowace safiya. Gwamnati ba ta aiko wa makaranta kuɗi tun farko ta ce je ki dafa, a'a, makaranta ce za ta sayi kayanta ta dafa ta ciyar, ta ƙirga tire nawa ya wuce, ƙarshen wata ta tura lissafi wa hukumar jiha sannan a mayar mata da kuɗi a kan kowane tire. Amma fa tiren da ya cika sharaɗi kaɗai. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, tiren yaron da yake ci kyauta ana mayar da dala 2 da senti 37, in kuma makarantar tana cikin waɗanda talauci ya yi wa yawa sai ya zama dala 2 da senti 84, na yaron da iyayensa ke biya kuwa senti 39 ne kacal. Mai ci kyauta shi ne wanda kuɗin shigar gidansu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na layin talauci da gwamnati ta shata ba, daga nan zuwa kashi 185 kuma ragi ake yi masa, ba a karɓar fiye da senti 30 a hannunsa. Wasu jihohin irin su Kalifoniya da Minesota sun ce kowa ya ci kyauta jiha ta cike gibin, amma ko a can ma sharaɗin tiren bai canza ba.

Yanzu ki lissafa da kanki 'yar uwa. A ce tire 20 ne kawai suke wuce ni a rana babu 'ya'yan itace a kai, a kan dala 2 da senti 84 kin ga dala 56 da senti 80 ke nan a rana ɗaya, a shekarar karatu mai kwana 180 ya haura dala dubu goma. Kuɗin nan a cikinsa ake sayen abincin, a cikinsa ake biyan albashinmu, a cikinsa ake gyaran firji in ya lalace. In kuma na rufe ido na danna tiren a matsayin cikakke alhali bai cika ba, to wannan ƙarya ce aka yi wa gwamnati, kuma ranar da masu bincike suka zo sai makaranta ta mayar da kuɗin. Wannan ne ya sa ayabar take da muhimmanci har haka.

Shi tiren kansa gida uku ne. Akwai madara, akwai 'ya'yan itace, akwai hatsi. Madara ce mafi sauƙi, kofi ɗaya kowace safiya, wato ƙaramin kwalin nan, kuma dole a ajiye aƙalla iri biyu yaro ya zaɓa, a ƙa'idar 2024 wadda aka rage wa maiƙo ko wadda aka cire mata shi gaba ɗaya, in za a sa mai cakulan to dole a samu fara a gefenta. Wani abu da yake rikita sababbin ma'aikata shi ne yogot ba ya shiga gidan madara sam, cuku ma haka, madarar da ake nufi ita ce ta sha, mai ruwa.

'Ya'yan itace kofi ɗaya ne a rana, kofi 5 a sati, tun daga ɗan ajin share fage har ɗan ajin ƙarshe na sakandare duk ɗaya ne. Amma kofin nan ba da ido ake auna shi ba, akwai littafin USDA da yake faɗa maka kowane abu nawa yake bayarwa, matsakaiciyar ayaba rabin kofi ce, lemu ma haka, busassun 'ya'yan itace irin zabibi kuwa ninki ake ƙirga su, rubu'in kofi ya tsaya a madadin rabi. Jus yana shiga lissafi in zallar ruwan 'ya'yan itace ne ba wanda aka dama da siga da kala ba, amma kada ya wuce rabin abin da za a bayar a sati. A nan ne ake yawan samun ragwanci gaskiya, don jus ya fi arha ya fi sauƙi ba wanki ba yanka ba ya ruɓewa, yara kuma suna rububinsa, sai ka ga makaranta kullum rabin kofin jus da wani busasshen abu a leda, doka ta cika amma ni dai raina ba ya so. Ana iya maye gurbin 'ya'yan itace da kayan lambu, in sau ɗaya ne a sati kowane iri ka sa ya yi, in ya wuce haka sai ka bambanta, ba kullum soyayyen dankalin turawa ba.

Gidan hatsi shi ne mai cin kai. Ana auna shi da wani ma'auni da ake kira daidai da oza, kuma ba nauyin abincin ake nufi ba, yawan hatsin da yake cikinsa ne, giram 16 na gari shi ne oza ɗaya a lissafi. Shi ya sa yankan burodi mai giram 28 ya cika oza ɗaya, amma kek ɗin safe sai ya kai giram 55 kafin ya cika, tunda sauran nauyinsa siga ne da mai da ƙwai. Kunun ots rabin kofi oza ɗaya ne, siriyal mai ɓarɓashi kofi ɗaya. Kowace rana dole a samu aƙalla oza ɗaya, amma a sati ƙananan yara daga share fage zuwa aji 5 suna buƙatar aƙalla 7, 'yan aji 6 zuwa 8 aƙalla 8, 'yan aji 9 zuwa 12 aƙalla 9. Ka ga in ka ce kullum ɗaya-ɗaya za ka bayar ka tashi da 5 a sati, kowace rana ka cika amma satin ya faɗi. Sannan kashi 80 cikin ɗari na hatsin satin dole ya zama mai yawan cikakken hatsi, wato wanda aƙalla rabin garinsa ba a surfe shi an cire dusa ba. Mu da muka tashi da gero da dawa wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu, amma yaron da ya saba da farin burodi mai laushi sai an sha fama kafin ya karɓi mai ruwan ƙasa.

A da, nama da danginsa ba su da gida a tiren safe, sai ka fara sa oza ɗaya na hatsi sannan a yarda ka ƙara ƙwai ko cuku ya shiga lissafi. Sabuwar dokar da ta fito a watan Afrilu 2024 ta haɗe su gida ɗaya tun daga Yulin shekarar, yanzu za ka iya ba da hatsi zalla ko ƙwai zalla ko ka haɗa. Ni a ganina wannan shi ne gyara mafi amfani da aka yi a 'yan shekarun nan, don tsohon tsarin shi ya cika tiren yara da kayan fulawa masu zaƙi, kek yau gobe donot ɗin da aka ce na cikakken hatsi ne, yaro ya ci ƙarfe takwas ƙarfe goma yunwa ta dawo. Babban ƙwai ɗaya oza 2 ne a lissafi, rabin kofin yogot oza ɗaya, cuku oza ɗaya, dafaffen wake rubu'in kofi oza ɗaya, markaɗen gyaɗa irin na shafa wa burodi babban cokali biyu oza ɗaya, duk da dai makarantu da yawa sun daina sa gyaɗa saboda yaran da take tayar wa ciwo mai tsanani.

Wata rana ina zaune ina cike takardu sai na ce bari in gwada karin kumallonmu na gida a kan wannan ma'aunin. Koko da ƙosai: kokon gero in ba a tace shi an zubar da dusa ba hatsi ne cikakke, ƙosai wake ne yana shiga madadin nama, ka ga gida ɗaya ya cika har ya yi ambaliya, amma babu madara babu 'ya'yan itace, saboda haka ba za a biya ko senti ba har sai an ɗora kwalin madara da yankan gwanda ko mangwaro a gefe. Fura da nono ma haka, nonon a wajensu ɗan uwan yogot ne ba madara ba. Wannan ya nuna maka cewa ƙa'idar ba ita ce ke raba abinci mai kyau da mara kyau ba, ma'auni ne kawai da aka yi don ƙasa mai makarantu dubbai ta iya ƙirga abu ɗaya a ko'ina. Shirin ciyar da 'yan firamare da aka ƙaddamar a Najeriya a 2016 a kan naira 70 kowane yaro shi ma ya yi ƙoƙarin sa ƙwai da wake da sauransu a jadawali, bambancin da nake gani shi ne a nan kuɗin a ɗaure yake da abin da ya hau tire, kuma akwai wanda zai zo ya duba takarda ya duba tukunya.

Bayan gidajen nan uku sai kuma iyakokin da ba a gani da ido, su ake lissafawa a kan matsakaicin sati ba rana ɗaya ba. Kalori 350 zuwa 500 ga ƙananan, 400 zuwa 550 ga na tsakiya, 450 zuwa 600 ga manya. Kitse mai daskarewa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin. Gishiri kuma, wato sodiyam, miligiram 540 ga ƙanana, 600 ga na tsakiya, 640 ga manya, kuma daga Yulin 2027 za a sake rage shi da kusan kashi 10. Kwalin madara kaɗai ya ci fiye da miligiram 100 tun ba ka sa komai ba, ka ɗora cuku da tsiran naman talotalo da burodi ka ga ka haura 540 ba ka ankara ba, shi ya sa in ka sa abu mai gishiri Talata to Laraba sai ka sauko da kunun ots da 'ya'yan itace don satin ya daidaita. Makarantar da take da yara tun daga share fage har aji 12 a gini ɗaya tana iya yin menu ɗaya ga kowa, amma hanyar siririya ce, kalori tsakanin 450 da 500 inda duk rukunan uku suka haɗu, hatsi aƙalla 9 irin na manya, gishiri kuma na ƙanana.

Siga shi ne abin da yake hana masu tsara menu barci yanzu. Tun Yulin 2025 siriyal kada ya wuce giram 6 na sigan da aka ƙara a kowace oza, yogot giram 12 a oza 6, madara mai cakulan giram 10 a kwali. Wannan mai sauƙi ne don kamfanoni sun canza kayansu, kai dai ka duba lebul. Mai wuyar yana tafe a Yulin 2027, lokacin da sigan da aka ƙara a duk satin zai zama dole ya gaza kashi 10 na kalori. Yi lissafi ka gani, tire mai kalori 500 kashi goma shi ne kalori 50, wato giram 12 da rabi, kusan ƙaramin cokali uku. Yaro ya ɗauki siriyal mai giram 6 da madarar cakulan mai giram 10, kowannensu ya cika dokarsa shi kaɗai, amma a haɗe giram 16 ne, an riga an wuce. Ka ga dole kwanakin ƙwai da cuku da wake su ƙaru, ko kuma madarar cakulan ta bar layin safe. Ni ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, na ga haƙoran yara 'yan shekara shida da zaƙi ya gama da su, amma ƙwai ya fi siriyal tsada kuma yana buƙatar hannu da wuta, makarantar da ba ta da murhu sai na'urar ɗumama abinci za ta ji jiki.

Yanzu mu dawo kan yaron nan nawa da kek ɗinsa. Akwai tsarin da ake kira OVS, ma'anarsa a gabatar wa yaro ya zaɓa maimakon a zuba masa komai dole, an kawo shi ne don rage zubar da abinci, kuma a karin kumallo makaranta ce ke da zaɓin ta yi shi ko kada ta yi. A ƙarƙashinsa dole kicin ya gabatar da aƙalla abu huɗu daga gidajen nan uku, yaro ya ɗauki aƙalla uku, kuma ɗaya daga cikin ukun dole ya zama rabin kofin 'ya'yan itace ko kayan lambu. Kek ɗin yaron babba ne mai oza 2, mai tsara menu ta rubuta a ƙirga shi abu biyu, da madara uku ke nan, adadi ya cika amma ba 'ya'yan itace, tiren bai cika ba. Wata yarinya kuma za ta zo da kek ɗin da ayaba kawai ba madara, wannan ya cika tsaf in barta ta wuce, don ba dole ba ne yaro ya ɗauki madara, iyaye da yawa ba su san wannan ba suna zaton ana ɗura wa yaran da madara ke ɓata wa ciki. Wani ya ɗauki madara da jus da ayaba ya bar hatsin gaba ɗaya, shi ma ya cika in an tsara jus da ayabar a matsayin abu biyu. Duk wannan mai zama a kan na'ura cikin daƙiƙa biyu ko uku za ta gane shi da ido, yara ɗari biyu suna bayanta kuma ƙararrawa za ta buga nan da minti ashirin.

Shi ya sa nake cewa menu mai kyau daga wajen na'urar nan ake fara tunaninsa a dawo baya, ba daga ofis ba. In ka yi menu mai rikitarwa, yau kek abu biyu ne gobe wani kek ɗin abu ɗaya ne, ma'aikaciya za ta ruɗe, yaro zai ruɗe, kuɗi ya zube. Kuma in 'ya'yan itacen suna ƙarshen layi a wani kwando a lungu to rabin yaran sai an mayar da su. Mu da muka dawo da su farkon layi, yaro yana ɗaukar tire su zai fara gani, sannan muka ajiye ƙaramin kwando a gefen na'ura don wanda ya manta, rigimar ta ragu sosai. Sai kuma yanka. Ɗan shekara shida da haƙoransa na gaba suka fita ba zai iya gatsar tuffa guda ba, bola za ta tafi da ita, amma ka yanka masa ita gida shida a ƙaramin kofi sai ka ga kofin ya dawo wayam. Lemu ma haka, in ba ka tsaga shi gida huɗu ba yaro ba shi da lokacin ɓare shi. Aikin yankan yana cin kusan awa guda na ma'aikaciya ɗaya da asuba, kuma ni a wajena babu awar da ta fi ta amfani a duk kicin ɗin.

Bari in nuna yadda sati ɗaya na 'yan firamare yake fita. Litinin kaya ba su gama isowa ba kuma yara a gajiye suke, sai mu yi mai sauƙi, siriyal da sandar cuku, oza 2, da ayaba da rabin kofin jus. Talata ƙwai da yankan burodi, oza 3, da lemu da inabi, ranar ce gishiri yake hawa. Laraba kunun ots rabin kofi, oza ɗaya kacal, da zabibi da yankakkiyar tuffa, a nan dole a rubuta 'ya'yan itacen a matsayin abu biyu in ba haka ba abu uku kawai ka gabatar ba huɗu ba. Alhamis yogot da rubu'in kofin giranola, oza 2, da 'ya'yan itace iri biyu. Juma'a fankek guda biyu, oza 2. Jimla oza 10, an wuce 7 da nisa. Amma ga tarkon da yake kama mutane, in kana ajiye siriyal mai oza ɗaya a gefe kullum don yaron da ba ya son abin da aka dafa, to mai bincike mafi ƙarancin zaɓin kowace rana zai tara, sai ya tashi da 5 ya ce satinka bai cika ba, don akwai yaron da zai iya bin wannan layin sati guda cur. Maganinsa shi ne siriyal ɗin ya riƙa tafiya da abokin tafiya, cuku ko yankan burodi. Irin wannan jadawalin ake yi na sati biyu ko uku ko huɗu yana zagayowa, don a san odar da za a yi da abin da yara suke bari.

Sai takardu, waɗanda ba wanda yake so amma su ne shaidarka. Kowace safiya akwai fam ɗin da ake rubuta me aka shirya, nawa, da wane cokali aka auna, nawa aka ɗauka, nawa ya rage. Duk abin da ya zo a haɗe daga kamfani, kamar burodi mai ƙwai da cuku a ciki, dole a samu tambarin CN a kwalinsa, wato alamar da USDA ta amince da ita mai nuna abin da yake bayarwa a lissafi, ko takardar kamfani da ta faɗi oza nawa yake bayarwa, ana yanke tambarin a adana, kuma takardun nan shekara uku ake riƙe su. Akwai shekarar da wani kamfani da muke sayen kek a wajensa ya rage girman kek ɗin, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya, ya sauko daga oza 2 zuwa ɗaya bai sanar da kowa ba. Wata dattijuwar abokiyar aikina ce ta ɗauki ɗaya a hannu ta ce wannan bai kai nauyin na da ba, muka ɗora a sikeli muka duba lebul, ashe kwana biyu muna ƙirga shi abu biyu. Dole aka koma aka cire tirukan da abin ya shafa daga lissafin watan. Tun daga ranar duk kwalin da ya shigo sito sai an karanta lebul ɗinsa ko da shekara goma muke sayensa.

Ga iyayenmu Musulmi kuma akwai abin da ya kamata ku sani. Doka ta wajabta wa makaranta ta canza wa yaro abinci in yana da lalurar lafiya, kuma in canjin zai fita daga ƙa'idar tire sai an kawo takardar likita. Amma dalilin addini ba a wajabta ba, an dai ba makaranta dama ta yi in ta ga za ta iya matuƙar tiren ya cika. Wato in ba ku je kun yi magana ba babu wanda zai san kuna nan. Tsiran safe a wurare da yawa na alade ne, wasu na talotalo, sannan wasu yogot da kayan zaƙi akwai jelatin a ciki wanda ba a faɗi daga wace dabba ba. Ku nemi shugabar kicin ko ofishin abinci na gundumar makarantu ku ce a nuna muku lebul, suna da shi a fayil. A wajenmu da iyaye suka taru suka yi magana, abin da aka yi mai sauƙi ne, duk ranar da akwai nama ana ajiye zaɓin da babu nama a layi ɗaya, ƙwai ko yogot ko siriyal da cuku, aka kuma sa alama a kan allon menu. Bai ƙara wa makaranta wani kuɗin kirki ba. Da azumi kuwa ni nake tuna wa shugabarmu ta rage oda tun sati biyu kafin a ga wata, don manyan yaranmu ba za su zo layi ba.

Maganar almubazzaranci da 'yar uwata ta yi tana nan, ban ce ta kau ba. Har yanzu ina ganin ayabar da ba a ɓare ba a cikin bola kuma raina yana ɓaci, mu da aka hore mu da cewa ko ƙwayar tuwo ta faɗi a ɗauke. Abin da muka iya yi shi ne teburin rabo a bakin ƙofa, duk abin da yaro bai buɗe ba, kwalin jus ko ayaba ko ledar zabibi, ya ajiye a nan wanda bai ƙoshi ba ya ɗauka, madara kuma a cikin kwanon ƙanƙara. Akwai yaran da na san su da fuska, musamman ranar Litinin, da suke zagayowa teburin sau biyu suna sa ayaba a aljihun jaka, ba na tambayarsu komai. Shi kuwa ɗan aji ukun nan, na gano ashe ayaba ce da lemu ba ya so, inabi kuwa har na abokinsa yake cinyewa, saboda haka na roƙi a ƙara inabi ranar Alhamis bayan na Talata, sauran kwanakin kuma ya ɗauki ayabarsa ya wuce da ita teburin rabo.